Numfashin Madori

Tun da na dawo daga Nijar, wadda mu nan har yanzu muke ce wa Faransa, ba ni da sakat. In na zauna a gindin ɗorawar tashar Dayi, wannan ya ce da gaske ne can a tsaye ake noma, wancan ya ce in nuna masa layar da wai wani tsohon can ya ba ni. Na gaji da yanka labarin gunduwa-gunduwa, shi ya sa na ce bari in yi amfani da ɗan bokon da na samo a ajin yaƙi da jahilci in rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi.

Sunana Garba, ɗori gadonmu ne. Mahaifina madori ne, kakana ma haka. Ban da ɗora karaya, muna gyara targaɗe da gocewar ƙashi, muna kuma tausa ga wanda gaɓarsa ta sandare. Akwai ƙa'idar da Baba ya dasa mini tun ina riƙe masa kararen ɗaure karaya: in ka yi addu'a ka tofa a tafin hannu, to ka riƙe numfashinka har ka gama ja ko dannawa, don kada asirin ya fice. Haka nake yi shekara goma sha biyar. Majinyaci yana kwance a tabarma, ni ina tsaye ƙafafu a miƙe, na sunkuya a kansa kamar mai huɗa da garma, baki a rufe, jijiyoyin wuya a tashe. Baba ya rasu bayansa a ranƙwafe tun bai yi furfurar kirki ba, kowa kuma ya ce ai haka gidan madora yake.

Abin da ya tashe ni shi ne kafaɗar Nomau. Nomau Bamaguje ne, sarkin noman unguwarsu da ke yamma da mu, kuma tun zamanin Baba gidansu ba ya kai karaya ko'ina sai gidanmu. Da ruwan farko na shekara ta uku da samun mulkin kai, sansa ya fizgi garmar shanu ya maka shi da kututture, dantsensa na dama ya karye. Na ɗora, ƙashi ya kama lafiya lau. Amma da aka kwance ɗauri, kafaɗar ta ƙi tashi, ko hula ba ya iya sa wa kansa da wannan hannu. Irin wannan ba addu'a kaɗai take so ba, tana son tausa da miƙarwa kullum, wata da watanni.

A rana ta huɗu da fara aikin, ina sunkuye ina danna masa allon kafaɗa, sai na ji kamar an soka mini mashi a kwankwaso. Na zube a kan majinyacina. Daman ciwon ya kai shekara biyu yana yi mini sallama ina ɓoyewa, don wanzami ba ya son jarfa. Ranar dai asirina ya tonu a gaban matan gidan Nomau.

Nomau ya bari na nutsu, sannan ya ce, “Madori, tun da na gaji gidan nan, ba wanda ya taɓa ɗaga damin farko ya miƙa shi bakin rumbu sai ni. In bana wani ya ɗaga mini, to sarautar noma ta bar hannuna ke nan, ko ba a faɗa ba.”

Na ce masa, “Sarkin Noma, in Allah ya yarda kai za ka ɗaga.” Na faɗa ina kwance, ban ma iya juyawa in dube shi ba.

'Yan ci-rani masu zuwa tsinkar auduga wajen Funtuwa sun sha ba ni labarin wani tsoho, Baba Arzika, a wani ƙauye arewa da Maraɗi, wanda ke tausa wa 'yan kokawa tun iyayensu suna samari, har yau kuma bayansa bai tanƙware ba. Da can dariya nake yi, ina cewa me mutumin rairayi zai koya wa ɗan gado. Yanzu da na kwana bakwai ana tayar da ni salla, sai dariyar ta ƙare. Na bar wa ƙannena gona, na nuna wa babban ɗan Nomau yadda zai riƙa motsa wa tsohon hannu don kada ya ƙara daskarewa, na ɗauki burgamina, jakar fatar da nake zuba kayan aiki.

Babbar mota mai bodin katako na samu, mai zuwa Katsina. A kan bencin da na zauna akwai wata dattijuwa mai daddawa, Gwaggo Ladi, za ta Maraɗi wurin 'yarta. Ba mu kai Yashe ba ta lura da gefe ɗaya nake zaune, ta tambaya, na ce katakon ne ke da ƙusa. Ta shafa katakon ta ce ita ba ta ji ƙusa ba, sai dai ko a jikina take. Gaba da Kankiya motar ta kafe a taɓo, direba ya ce maza su sauka. Kunya ta hana ni zama da mata, ciwo kuma ya hana ni turawa, sai na ɗora hannu a jikin motar ina ɓata fuska kamar mai aiki. Da muka hau Gwaggo ta ce motar ta gode da shafar da na yi mata. A Katsina na kwana a zauren wani fatoma mai saukar da baƙi kusa da kasuwa, da tuwon gero miyar kuka, burgamina a ƙarƙashin gwiwoyi don ta haka kaɗai bayan ke lafawa.

Washegari muka kama hanyar Jibiya a wata motar, Gwaggo na nan kusa da ni kamar an haɗa mu da igiya. Ma'aikatan iyaka na wajenmu ba su tsaya ɓata lokaci a kaina ba. Muna wuce su kaɗan sai na ga direba ya bar hannun hagu ya koma dama, ga kuma wata mota tafe. Na ɗaga murya da salati, a zatona barci ya kwashe shi. Motar duka ta kwashe da dariya. Ashe can ta dama ake tuƙi. Ƙasa ɗaya, harshe ɗaya, gero iri ɗaya a gonaki, amma Turawa biyu sun raba mana hatta gefen hanya.

A shingen Faransa wani jandarma mai gajeren wando ya zazzage burgamina, ya ga karare a fiƙe da tulun man kaɗe, ya tambayi amfaninsu. Na lura in zai dube ni sai ya juyo da jikinsa duka, wuyan ba ya juyawa. Na ce masa ni madori ne, wuyan nan kuwa kwana nawa ke nan. Ya ce uku. Da na yi shiru da na wuce lafiya, amma son a sani ya ja ni. Na zaunar da shi a kan wani akwati, na tofa, na riƙe numfashi, na sunkuya na danna. Wuya ya saki. Mutumin ya miƙe yana juya kai hagu da dama yana murna, ya ce in kwashe kayana in tafi. Ni kuwa ina nan a sunkuye kamar mai ruku'u, na kasa ɗagowa. Shi da abokin aikinsa ne suka ɗauke ni suka ɗora a mota kamar buhun gyaɗa.

Wannan karon Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta ce in bari a mayar da ni Katsina a kai ni asibiti. Na ce mata na yi wa mutum alkawari, ko da rarrafe sai na ga tsohon nan. Ta ce taurin kai ma arziki ne in an san inda za a kai shi, sannan ta sa mini ƙunshin zanenta a baya.

Gidan surukinta na sauka a Maraɗi, kwana uku, har na iya takawa. Mutanen kirki, sai dai tsokana. Da na ce ni Bakatsine ne, maigidan ya ce a'a, su ne Katsinawa, mu masu gadin gida ne da aka bari a baya. Fura kuwa ba su da lokacinta, safe fura, rana fura, baƙo ya zo fura, har na fara mafarkin tuwon dawarmu da miyar kuɓewa. Na ga burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri, na ce wannan in an rasa karare ana iya ɗora karaya da shi. Daga nan aka haɗa ni da wasu masu jakuna da ke kai kanwa ƙauyuka. Hawa jaki ya gagare ni, don haka na yini ina tafe cikin rairayi, hannuna a kan mangalar jaki.

Baba Arzika ɗan ƙaramin tsoho ne, ba nama a jikinsa, amma a miƙe yake kamar taɓarya. Yana zaune a gindin gawo ya ga tahowata tun daga nesa. Bayan gaisuwa, kafin in buɗe baki, ya ce in miƙo takalmana. Ya juya su, ya nuna mini yadda na dama ya cinye ta gefe, na hagu kuma yana nan. Ya ce ciwon yana hagu, shekara biyu ko fiye, kuma ni mai aiki a sunkuye ne. Na ce gaba da gabanta.

Na zaci zai kwantar da ni ya tausa. Da safe sai ya miƙo mini hauyarsu. Wannan ita ce amsar masu tambaya: ƙwarai, a tsaye suke noma. Hauyar tana da ƙota doguwa da ta fi tsawon mutum, bakinta kamar jinjirin wata, ana tura ta gaba ta ƙarƙashin rairayi tana yanke ciyawa. Ya ce in bi bayansa a gonar gero. Raina ya ɓaci. Ni da na fito ƙasar laka, inda ake juya ƙasa da garma, yau masu sosa rairayi za su koya mini noma? Na kama ƙota na riƙa tunkuɗawa da ƙarfin damtse. Kafin hantsi kafaɗuna sun yi tsami, tafina ya yi kanta, tsoho kuwa ya ba ni ratar layi uku yana tafe yana hira da maƙwabcinsa.

Sai a rana ta uku ya tsaya ya ce in daina kallon hannunsa, in kalli ƙafarsa. Na duba. Ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya, gwiwoyi a ɗan sake. Ba ya tura hauyar da hannu ko kaɗan. Ƙafar baya ce ke tunkuɗa ƙasa, ƙugu ya tafi gaba, nauyin jikinsa duka ya bi ƙota ya sauka a bakin ƙarfen, hannu riƙo kawai yake yi. Na gwada. Hauya ta shige kamar ana jan ta daga gaba. Ya ce da irin Hausarsu, “Hannu ɗan aike na, ba shi ad da kaya ba. Ƙarhi ƙasa yake, ka ɗauko shi da ƙahwa.”

Da la'asar ya shimfiɗa buzu ya kwanta, ya ce in tausa masa baya yadda nake yi a gida. Na ce yau zai san ɗan gado ya zo. Na yi addu'a, na tofa, na rufe baki, na sunkuya na nutsa manyan yatsuna. Bai daɗe ba ya ce in tsaya. Ya juyo ya tambaye ni ko mutuwa na yi, don tun da na taɓa shi bai ji numfashina ba. Na yi masa bayanin ƙa'idar gidanmu, a hankali, don ba abin da ake faɗa wa kowa ba ne.

Ya dube ni ya ce, “Ɗana, addu'ar da ta riga ta kai wurin Allah, ta hancinka za ta zube?”

Na ji zafin maganar nan har cikin raina, don ba ni ya taɓa ba, mahaifina ya taɓa. Na tashi ban yi sallama ba, na tafi bayan gari na zauna, ina cewa gobe zan bi masu jakuna. Ina zaune sai na tuna abin da na daɗe ban tuna ba. In majinyaci ya fita, Baba yakan dafa bango ya saki wani dogon nishi, ya ce in taka masa baya kada kowa ya gani. Mutumin da ya miƙar da ƙafafun rabin ƙasarmu ya ƙare ba ya iya ɗaga kai ya ga wata. Na yi hawaye, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina, Baba ya bar mini addu'a, ya bar mini sanin ƙashi, waɗannan ba mai raba ni da su. Ranƙwafawar kuwa ba ta cikin gadon. Kafin magariba na koma na durƙusa na ba tsoho haƙuri. Ya ce daman ya sa an dama furata.

Daga ranar aiki ya fara sosai. Ya hana ni tsayuwa a kan majinyaci. Ko dai a ɗaga shi a kan gadon kara ya zo daidai ƙuguna, ko ni in sauka wurinsa, gwiwa ɗaya a ƙasa, tafin ɗaya ƙafar a kafe, gadon baya a miƙe. Ya hana ni haƙa da babban yatsa, ya ce in sa gindin tafin hannu in jingina, kamar dai hauya. In zan danna in saki numfashi, in kuma jira majinyacin ya saki nasa mu tafi tare, don nama ba ya buɗewa ga wanda ya zo masa da faɗa. 'Yan kokawar ƙauyen da ke zuwa bayan noma su na riƙa koyo a kansu, ƙatti masu baya kamar ƙofar zaure, ga shi ina gama mutum uku ban yi haki ba.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne sauraron jikina. Kafin in taɓa kowa sai ya ce in tsaya in bincika: haƙora a cije suke ko a sake, kafaɗu sun hau kunne ko suna wurinsu, nauyina yana kan wace ƙafa. Na ce ni majinyaci na zo ji, ba kaina ba. Sai ya sa ƙwayar gero ɗaya a ƙarƙashin fata mai kauri ya ce in nemo ta. Na ƙanƙame hannu na lalube fatar duka, ban ji komai ba. Ya girgiza mini kafaɗa, ya sa na yi numfashi uku, na sake ɗora hannu a sake. Ga ta nan a ƙarƙashin ɗan yatsana, ƙarara. Shekara goma sha biyar ina aiki da hannun da ba ya ji sosai, ban sani ba. Bayana kuwa sau huɗu kacal ya taɓa shi a wata guda da na yi. Ya ce sauran ni zan gyara, tun da ni na ɓata.

Ranar da zan taho na ce ya ba ni wani abin riƙewa. Ya ce in akwai abin da ya fi abin da na zo da shi a ƙirjina, shi bai san shi ba. Ya raka ni har bakin gona, ya tsaya yana kallon tafiyata, ya ƙwala mini cewa ƙafar hagu ma tawa ce, in riƙa taka ta. A shingen iyaka na tarar da jandarman nan. Ya gane ni, ya kira abokinsa su ɗora ni, na ce su huta, na kama ƙarfe na haye da kaina.

Da na iso gida na tarar da Nomau ya rame, hannu a rataye, dawa kuma ta fara fitar da kai. Na sa aka ɗaura gadon kara a ƙofar gidansa. Kullum da hantsi ina can. Mutane suka ga ina tofa addu'a sannan ina fitar da numfashi a fili, magana ta zaga cewa Garba ya je Faransa ya zubar da asirin gidansu. Wasu suka daina kawo mini targaɗe. Ya yi mini ciwo, amma na ci gaba da aikina, don kafaɗar ce za ta ba da amsa. Tafiyar kuwa ta hawainiya ce. Mako biyu kafin hannu ya kai baki, wata guda kafin ya kai hula. Akwai ranakun da ba a samu ko kaurin yatsa ba, Nomau ya zage ni, ya zagi san, washegari kuma in tarar ya riga ni hawa gadon.

Ranar shigar da dawa unguwar duka ta taru, har da masu cewa na zubar da asiri. An buɗe rumbu, babban ɗansa ya hau sama yana jira. Aka ajiye damin farko a gaban Nomau. Ya sunkuya ƙafafu a miƙe, ya cije baki, ya riƙe numfashi, ya fizga. Dami ya kai ƙirji ya tsaya, sannan ya sauke shi. Na ga ɗansa na biyu ya fara matsowa.

Na je kusa da shi na ce a hankali, “Sarkin Noma, mayar da ƙafa ɗaya baya. Sassauta gwiwa. In za ka ɗaga, saki numfashi, kamar yadda muke yi a kan gado.”

Ya harare ni, amma ya yi. Na ji fitar numfashinsa, na ga ƙafar baya ta tunkuɗa ƙasa, dami ya wuce ƙirji, ya wuce hula, ya tafi sama har ɗansa ya cafe. Mata suka rangaɗa guɗa. Shi kuwa bai sauke hannun ba, ya bar shi a sama yana kallonsa kamar baƙon da ya daɗe bai gani ba.

Da ya sauke, ya juyo ya dube ni daga sama har ƙasa. Wata biyu da rabi ina aiki a kansa kullum, aikin da a da kwana huɗu ya kayar da ni. Ya ce, “Madori, ubanka ya ɗora mini ƙafa ina saurayi, kuma na ji nishinsa bayan na fita. Da ma ya ga yau.” Ya ɗora hannun nan na dama a kafaɗata, ya ce, “Ashe ana iya yin aikinku a tashi a miƙe.”

Masu neman ganin laya, labarin ke nan, ba ni da wata. Wanda yake son ganin abin da na samo ya zo da hantsi ya tsaya kusa da gadon kara, zai ji shi, numfashi ne, yana shiga yana fita.